Dam ne ko tafki?

Mazaunin Gangare: Jama'a ku taya ni ji. Gidana yana ƙasan wani ƙaramin dam na wani mai kuɗi, inda ake biya a shiga a yi iyo da kamun kifi. Jiya bayan an ɗauke ruwa na zaga ta gindin tudun, na tarar ruwa yana ɓulɓulowa daga ƙasa, jajawur kamar an dama laka. Bishiyoyi sun fito a jikin tudun, wata ta kai kaurin cinyata. Mafitar ruwan kuma an sa mata ragar waya wai kada kifi ya gudu, ganye da rassa sun cunkushe ta. Na yi wa mai gadi magana, ya ce haka yake yi duk damina. Wannan dam tarko ne, ranar da ya ɓalle ku ne shaiduna.

Mai Fatsa: Haba Yaya, dam kuma? Na san wurin. Tafki ne aka ɗan tare masa baki. Ka kira shi dam don a tsorata.

Uwar Biyu: Gaskiya ni ma da na ji dam, zuciyata ta tafi kan mai ba da lantarki.

Malamar Hausa: Ku duka kun kauce. Madatsar ruwa ake cewa. Muna da kalmarmu, me ya kai mu aro?

Mai Fatsa: Malama, ko a rediyo dam ake cewa.

Malamar Hausa: Rediyo ne ya koya maka magana ko mahaifiyarka?

Injiniya: Ku bar sunan tukuna. Duk tudun da mutum ya gina don tare ruwa, dam ne. Hukumar manyan madatsu ta duniya tana kiran mai tsayin mita 15 zuwa sama babba, amma na ƙasa da haka bai fita daga suna ba. Abin da ya dame ni launin ruwan ne. Tudun ƙasa yakan yi tsattsafo, in ruwan garau yake, sai a riƙa sa ido. In ya fito da laka, ƙasar tudun ce yake kwashewa ta ciki, yana haƙa wa kansa hanya. Saiwar bishiya in ta ruɓe ita ma rami take bari. Batun raga kuwa ya taɓa faruwa: dam ɗin South Fork a Amurka, na wata ƙungiyar attajirai ne masu zuwa hutu da kamun kifi, irin su Andrew Carnegie. Sun rage tsayin tudun, suka sa raga a mafita saboda kifi. Ranar 31 ga Mayu, 1889 ruwa ya haura kansa, ya share garin Johnstown, mutum sama da 2,200 suka mutu.

Mai Fatsa: Yauwa, ka kama kanka! Wancan ai ya wuce mita 20. Da bakinka ka ce babba daga 15 yake. To wancan dam, namu tafki.

Injiniya: Dam ɗin Kelly Barnes fa, a jihar Jojiya ta Amurka? Kusan mita 12, shi ma ya koma wurin shaƙatawa ne. Ya ɓalle cikin dare a Nuwamban 1977, mutum 39 suka mutu. Dam ɗin Ka Loko a Hawai, na wani mutum ne shi kaɗai, ya ɓalle a 2006, mutum 7 suka mutu.

Ɗan Autan Zaure: Ranka ya daɗe, ba injiniyan lantarki ba ne kai? Yaushe ka koma ruwa?

Injiniya: Ƙanena, tun kana rarrafe nake zuwa wuraren gini.

Ɗan Autan Zaure: Zuwa daban, aunawa daban.

Uwar Biyu: Kai yaro, ka iya bakinka. Sa'an babanka ne.

Mazaunin Gangare: Don Allah ni maganar jan ruwa nake. Wa zan kai wa ƙara? Akwai mai zuwa ya duba irin wannan in na mutum ne ba na gwamnati ba?

Mai Fatsa: Ƙara kan me? Mutum ya haƙa abinsa a filinsa da kuɗinsa, yara sun samu wurin wasa, mutane sun samu aiki. Hassada dai ga mai rabo taki ce.

Mazaunin Gangare: Filinsa ne, amma ruwan in ya taso ɗakina zai kwana. Kuma kowa ya san kai ba ka biyan kuɗin shiga.

Mai Fatsa: Wa ya gaya maka? Kawo shaida ko ka janye.

Malamar Hausa: Kuma tafki ma ba daidai ba ne. Tafki shi yake taruwa da kansa. Wanda aka tare, madatsa.

Uwar Biyu: Kududdufi fa?

Malamar Hausa: Wannan ramin da aka ɗebi ƙasa ne, Hajiya, kada ki ƙara dagula mana.

Injiniya: A cire ragar yau, a rage ruwan a hankali, a kira wanda ya san aikin ya duba gindin tudun. Kada a tumɓuke manyan bishiyoyin da ka, ramin saiwar ya fi bishiyar illa.

Ɗan Autan Zaure: "Wanda ya san aikin." Mun gode da ka amsa da kanka.

Shugaban Zaure: To, ya isa haka. Na bi maganar tun daga farko, ga abin da na fahimta. Mafi yawa sun yarda wurin tafki ne, don ko Injiniya ya ce bai kai mita 15 ba. Misalan da aka kawo duk na nesa ne, ɗaya ma ya haura shekara 130. Ni kaina na kai yarana can makon jiya, ruwa lafiya lau, har mun kamo tarwada biyu. Mazaunin Gangare ya ba Mai Fatsa haƙuri kan zancen kuɗin shiga, Auta kuma ya ba Injiniya. Batun madatsa, Malama ta buɗe masa zaure daban. Na rufe.

Malamar Hausa: Ba tarwada ba, Shugaba. Tarwada da d ka rubuta, amma tarwaɗa ake cewa, da ɗ mai lanƙwasa.