Dam ɗin Dadin Kowa: wa ya fi sanin yawan ruwan da ya kamata a riƙe?

Ɗan Deba: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina karatun injiniya a Bauchi. A aji, dam lissafi ne: ruwan da ya shigo, wanda ya fita, wanda ya rage. A gida kuwa kowa da nasa. Kawuna mai noman rani so yake a riƙe ruwa har Afrilu saboda shinkafarsa, masu gonaki a ƙasan dam kuma so suke a rage shi tun kafin Agusta don tsoron ambaliya. Abin yana damuna sosai. Wa ya fahimci dam ɗin a cikinsu?

Tsohon Injiniya: Wa alaikumussalam ɗana. Ka manta da mutum na uku, mai injin wuta. An gama dam ɗin a shekarun 1980 a kan kogin Gongola, amma tashar wutarsa mai megawat 40 sai bayan shekara fiye da talatin ta fara aiki. Ƙarfin wutar ya dogara ne da tsayin ruwa da yawan wanda ke bi ta injin, don haka duk mita ɗaya da ruwan ya sauka, asara ce a wurinsa. Shi kuwa mai tsoron ambaliya, wannan mitar ita ce rufin asirinsa, don nan ruwan Satumba zai samu wurin zama. Kuma abin da aka saki a nan, dam ɗin Kiri a Adamawa zai tara, daga can ya gangara Numan ya shiga Binuwai.

Maman Yara Bolari: Mu a cikin garin Gombe, dam ɗin famfo ne. Ran da ya kawo, lafiya lau. Ku masu karatu ku riƙa sa mu cikin lissafin, don Allah.

Mai Kwalekwale: Malam, akwai abin da ba ku ambata ba: laka. Kowace damina kogin na kawo yashi da taɓo, su kwanta a ƙasa. Daga sama ruwa ya cika fal, amma akwai wuraren da a da gora ba ta taɓa ƙasa, yanzu tana taɓawa. Zanen da ke hannunku zurfin ranar gini yake nunawa.

Ɗan Deba: Baba, wannan bai zo mini a rai ba sam. In Allah ya kai mu hutu zan zo da igiyar awo. Za ka iya kai ni wuraren nan a kwalekwalenka?