Neman kalma: me za mu kira terrarium da Hausa?

Mai tambaya, Garwa:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman kalmar da za ta tsaya a madadin terrarium, wato wurin nan mai fuskar gilashi da ake shirya wa maciji ko damo ko hawainiya, a zuba ƙasa, a sa reshe da duwatsu, dabba ta zauna ana kallonta. Da Faransanci da Ingilishi duk sunansa ke nan. Daga Latin ya fito, inda terra ke nufin ƙasa, aka ƙera shi a kan tsarin aquarium na kifi. Ƙanena ne ke son a haɗa masa babba, kuma kafintan da zai yi aikin Hausa da Fillanci yake ji. Sunan da aka faɗa masa, shi zai ƙera.

Kawu, Marwa:
Wa alaikumussalam. Ɗana, kafin a kai ga suna, wane maciji? In mesa ce irin ta bakin Binuwai, ka gaya wa ƙanen naka tana wuce mita 5, ba ta da girman da za a ce ta gida ce. In kuwa mai dafi ne, kasa ko kumurci ko gamsheƙa, to ku bar wa gardawa sana'arsu. Kububuwa kaɗai ta ishe mu makoki a ƙauyukan nan lokacin noma.

Mai tambaya:
Allah ya ƙara girma, Kawu, babu mai dafi a maganar. Ƙaramar mesa ce, wadda Faransawa ke kira python royal. Da ta tsorata sai ta dunƙule ta cusa kanta a tsakiya. Yawancinsu ba sa wuce mita 1 zuwa 1.5, kuma 'yar ƙasa ce, akwai ta a dazukanmu har Chadi. Daga Gana da Togo da Benin ake fitar da ita zuwa Turai da Amurka. Ƙanena ya so wani macijin Amurka da ake kira corn snake, na ce masa wanda ya saba da yanayinmu ya fi. Abin da na fi ja masa kunne a kai shi ne shekaru: tana yin 20 zuwa 30 a hannun mutum. Zai yi aure ya haihu tana nan tana jiran ɓeranta.

Malama, Ngaundere:
Ni ban ga abin wahala ba. Keji mana. Kowa ya san shi.

Mai walda, Garwa:
Malama, a yi haƙuri. In aka zo shagona aka ce keji, waya zan tanƙwara, irin na aku da tantabaru. Maciji kuwa duk inda kansa ya shiga jikinsa ya bi. In ma bai fita ba, zai ta goga hanci a waya har ya ji ciwo. Sannan ga hunturu: iska ta bushe ƙayau, keji ba ya riƙe danshi.

Yaya, Njamena:
To akurki fa? Akurkin maciji. Ya fi keji zama Hausa tsantsa, tunda keji ma aro ne.

Mai tambaya:
Yaya, na so shi da farko don daɗinsa a baki, amma ku duba yadda muke amfani da shi. In an ce ɗakin wane akurki ne, ana nufin ƙunci da duhu da rashin iska. Wannan kuwa ana so tsawonsa ya kai tsawon macijin in ya miƙe, masu kiwo na farawa daga santimita 120 a tsawo, 60 a faɗi, 60 a tsayi, ƙanena kuma ya fi son wanda ya ɗara haka. Akurki ɓoye kaza yake yi, mu kuma kallo muke so. Batun aro bai dame ni ba. Akwati ma ba a nan aka haife shi ba, ga shi ya zama ɗan gari.

Malama:
Ai ka faɗi kalmar da bakinka. Akwati. Mun riga mun ce akwatin rediyo, mun ce akwatin talabijin, wanda shi ma gilashi ne a gaba mutane na zaune suna kallo. A ce akwatin gilashi a huta.

Wani ɗalibin Makarantar Namun Daji ta Garwa:
Malama, rabin sunan ya yi, rabin ne ke ba ni tsoro. Akwatin gilashi zai sa kafinta ya rufe ko'ina ruf da gilashi. Asalin abin ma a rufe yake: a 1829 wani likita a Landan, Nathaniel Ward, ya lura tsiro na rayuwa cikin kwalbar da aka toshe, daga nan aka riƙa ɗaukar shuke-shuke a jirgin ruwa cikin irin waɗannan akwatuna. Wannan na tsiro ne, a ƙasar sanyi. Littattafan Turawa duk a kan ɗumama akwati suke magana, fitila kaza, shimfiɗar lantarki kaza. Mu a Garwa cikin Maris da Afrilu zafi na haura digiri 40. Damuwarmu sanyaya shi ce. Macijin ba ya daidaita zafin jikinsa da kansa, sai ya matsa daga wuri zuwa wuri, don haka yana bukatar gefe mai ɗumi wajen digiri 31 zuwa 32, da gefe mai sanyi wajen 25 zuwa 27. A daji ramin ɓera da shuri yake shiga ya wuni, shi ya sa ranar da ke gasa mu ba ta taɓa shi. In ka sa shi a gilashi rufaffe kusa da taga, kafin la'asar ka kashe shi. Gaba kawai za a yi da gilashi, sauran katako, da ƙananan kafofin iska masu raga sama da ƙasa. Maɓoya biyu, ɗaya a kowane gefe. Kwanon ruwa mai nauyi da ba zai kife ba. Danshi kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari, a ƙara lokacin saɓa, in ba haka ba tsohuwar fata ta manne masa, har a ido. Ni dai ina son sunan da zai nuna abin da ke ciki, ba bangon ba.

Yaya:
To ga nawa na biyu: akwatin dawa. Ɗan yankin dawa ne aka ɗebo aka sa a akwati.

Kawu:
A baki ya yi. A rubuce fa? Wanda ya karanta zai ɗauka hatsi za a zuba, ya tambaye ka mudu nawa yake ci.

Mai tambaya:
Kawu ya gama da dawa. Amma hanyar da Yaya ya buɗe ita ce daidai, sai mu musanya da 'yar'uwarta: akwatin daji. Ba ya rikicewa a rubutu, kuma ya ɗauko ma'anar terra ɗin nan ba tare da an ce akwatin ƙasa ba, wanda zai kai tunanin mutum maƙabarta. Ya fi akwatin maciji faɗi, don gobe wani kunkuru zai sa, wani hawainiya, wani tsirrai kawai. Jam'insa akwatunan daji. Na kifi kuma sai ya zama akwatin ruwa, su tafi tare. Ni na tsaya a nan, sai in wani na da ja.

Malama:
Ba ni da ja, sai dai na san yara a makaranta akwatin maciji za su ce, ko mun so ko mun ƙi.

Ɗalibi:
Su ce, ai bai ɓata komai ba in maciji ne a ciki. Malam, tunatarwa ga ƙanenka: wannan mesar na cikin jerin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta sa wa ido a cinikinsu, kuma ajiye naman daji a gida na bukatar izini. Ya fara zuwa ofishin ma'aikatar gandun daji kafin ya biya kafinta. Kuma kada ya firgita in ta ƙi cin abinci na watanni da rani, halinta ne.

Mai walda:
In akwatin daji ne na gane aikin. A bar mini ƙofar kawai: gilashi biyu masu zamewa, da makulli a tsakiya, don mesa na iya ture murfin da aka ɗora wa dutse. A turo mini awon ɗakin da za a ajiye shi, da bangon da rana ba ta bugu.