Taƙaitawar wata tattaunawa: wane littafi za a miƙa wa sabon mai karatu?

1. An yi ittifaƙi a fara da gajerun labarai. Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya dace, domin ana gama kowane labari a zama ɗaya. Littafi mai kauri yakan kashe wa sabon shiga gwiwa.

2. Rubutacciyar waƙa a rera ta da baki. Imfiraji ta Aliyu Namangi ba ta ratsa jiki sai an ji karinta.

3. A tarihi aka rabu. Wasu sun ce a fara da na garin mutum, wasu kuma jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, tunda shi ya haɗa masarautun ƙarƙashin Sakkwato.

4. Kafin a biya kuɗi a duba shafuka, jabun bugu yakan zo da giɓi.