Giwaye sun shiga gonar Baba, akwai inda ake biyan diyya kuwa?

Ɗan_Alkaleri:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Ƙauyenmu na gefen dajin Yankari ne ta ɓangaren Duguri, shekaranjiya da daddare giwaye suka fito suka shiga gonar mahaifina, masara ce da ta riga ta bushe saura kwana kaɗan a karye, da dawa a gefe. Da asuba ƙanena ya kira ni yana kuka, na hau mashin na je, wallahi abin da suka tattake ya fi wanda suka ci yawa, sawun ƙafa ɗaya za ka iya zama a ciki, ga kashinsu nan tuli-tuli da ƙwayar masararmu a ciki. Baba bai ce komai ba, zagayawa kawai yake yana tsintar zangarniyar da ta rage yana zubawa a buhun taki, kuma takin nan bashi ne. Mu ba ma son a kashe su, mun taso muna alfahari da dajin nan, amma matasa har sun fara maganar guba kuma ni abin na ba ni tsoro. Shin akwai hanyar neman diyya? Kuma kuɗin da masu yawon buɗe ido ke biya a get, ba ya kamata a ce makwabtan daji na da kaso a ciki ba?

Malamin_Gona_Bauchi:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar wa Baba da alheri, ka gaishe shi. Kafin komai ka koma gonar yau ɗin nan kar ka bari sai gobe, ka ɗauki hotuna da bidiyo na sawun da kashin da karan da suka kwanta, don ruwa ɗaya in ya sauka shaida ta tafi. Ka kira mai unguwa da malamin gona na yankinku su gani da idonsu, a auna wurin a rubuta buhu nawa ake sa ran samu. Kuma kar ka tafi kai kaɗai, na tabbata ba gonarku kaɗai suka bi ba, ku haɗa sunayen duk wanda aka yi wa ɓarna a takarda ɗaya dagaci ya sa hannu a kai wa hakimi, kwafi ɗaya ofishin gandun dajin, ɗaya ƙaramar hukuma, ɗaya hukumar agajin gaggawa ta jiha. Takardar mutum arba'in ba a ajiye ta kamar ta mutum ɗaya.

Maganar guba kuma ka zaunar da yaran nan. Laifi ne babba a doka, kuma kafin ta kai ga giwa shanu da awakinku za ta fara kwasa.

Hajiya_Ummi:
Ɗana sannu da haƙuri. Tambayarka ta biyu ita ta fi tsaya min a rai. Tun 1956 aka keɓe dajin nan, 1962 aka buɗe wa baƙi, 1991 ya zama na tarayya, 2006 ya dawo hannun jihar Bauchi, duk tsawon shekarun nan mutanen gefen daji su ne ke kwana da giwa, mu kuma mu zo daga birni mu yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki da ke cikin dajin mu ɗau hoto mu tafi. Ni kaina na kai yarana sau biyu ban taɓa tunanin wa ke biyan kuɗin zaman giwar ba sai yau da na karanta saƙonka.

Kuma ba sabon abu ba ne a Afirka. A Yuganda doka ce, kashi 20 cikin ɗari na kuɗin shiga gandun daji na komawa ga garuruwan da ke kewaye. Ruwanda ta fara da kashi 5 a 2005 ta ɗaga zuwa kashi 10 a 2017. Kenya kuma dokarsu ta 2013 ta yanka shilin miliyan 5 ga iyalan wanda naman daji ya kashe, har da tanadin ɓarnar gona da dabbobi. To me zai hana 'yan majalisarmu na jiha su kawo irin wannan, ko kaso kaɗan ne a rubuta shi a doka kowa ya san haƙƙinsa ne ba alfarma ba.

Abu_Safiyya:
Hajiya da girmamawa, gaskiya kika faɗa amma akwai gyara. Kason get ɗin nan yawanci aji ake ginawa da shi ko rijiyar burtsatse ko asibitin sha-ka-tafi, abu ne mai kyau ba musu, sai dai aji ba ya cika rumbun Baba. Wanda gonarsa ke bakin daji shi ke asara duk kaka, wanda ke tsakiyar gari bai taɓa ganin giwa ba amma tare za su sha ruwan burtsatsen, to ina adalcin? Ita ma Kenyar mutane na shekaru suna jiran kuɗin bayan an amince da buƙatarsu, manomin da zai ci tuwo a watan gobe ba zai iya wannan jiran ba. Ni a ganina in za a ware kaso, a fara cire na waɗanda aka yi wa ɓarna, a biya su da hatsi buhu da buhu kafin rani ya shiga, kwamiti na mutanen ƙauyen da liman da malamin gona su tantance don su suka san wa ya yi asarar gaske wa ke ƙari. Abin da ya saura sai a yi ginin.

Mu nan Gombe dorina ce ke mana haka a wajen Dadin Kowa, shinkafa da kayan lambu na 'yan noman rani, dare ɗaya ta share maka fadama.

Issoufou_Dosso:
Ina gaida 'yan uwa na Najeriya. Mu a Nijar raƙuman dawa ne a Kure, kusa da Yamai. A 1996 saura 49 kacal, yanzu sun wuce 600, kuma ba a cikin gandu suke ba, cikin gonakin mutane suke yawo suna cin wake da mangwaro. Abin da ya sa mutane suka haƙura da su, masu kare su sun yi rijiyoyi sun ba mata ƙananan rance, samarin gari kuma suka zama masu yi wa baƙi jagora suna samun na kashewa. Amma bayan harin watan Agusta na 2020 da aka kashe mutum 8 a wurin, baƙi suka ɗauke ƙafa, kuɗi ya tsaya, raƙuman dawa kuwa ba su daina cin wake ba. Saboda haka kar ku jingina diyyar manomi ga kuɗin get kaɗai, dole gwamnati ta sa wani abu a kasafinta kowace shekara ko baƙi sun zo ko ba su zo ba.

Malamin_Gona_Bauchi:
Ƙari kaɗan kan tsaro kafin baɗi. Dajin ya haura murabba'in kilomita 2,200, ba abin da za a zagaye da katanga ba ne. Giwa na tsoron ƙudan zuma sosai, a Kenya jera amya ake yi a bakin gona a haɗa su da waya, giwa na taɓa wayar sai ƙudan zuma su tashi, ga zumar sayarwa kuma. Hayaƙin barkono da aka kwaɓa da kashin giwa ko na shanu shi ma yana kora, da tocila mai ƙarfi da bugun gwangwani, amma a yi daga nesa kuma a ƙungiyance, uwa mai ɗa ba a matsa mata.

Ɗan_Alkaleri:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na dawo daga gonar yanzu na ɗauki hotunan, mai unguwa ya zo ya gani, zuwa la'asar mun rubuta mutum 17 kuma akwai na ƙauyen gaba da ba su iso ba. Na yi wa samarin magana bayan sallah sun ce za su dakata su ga abin da takardar za ta haifar. Dawar da ta rage nan da sati uku za ta isa yanka, ni da ƙanena a gona za mu riƙa kwana. Malam, amyar nan guda nawa ake buƙata a gonar da ta kai eka biyu, kuma irin tamu ta kara da ake ratayawa a bishiya za ta yi ko sai ta katako?