Neman kalmar Hausa: me za mu kira "fistula" ta masu wankin ƙoda?

Likitan ƙoda: Assalamu alaikum, malamai. Da an ce wa mara lafiya za a yi masa fistula, hankalinsa sai ya tafi kan yoyon fitsari, irin wanda ake wa mata aikinsa a Babbar Ruga ta Katsina. Tamu kuwa daban ce, da gangan ake yin ta. Injin wankin ƙoda yana jan jini mililita 300 zuwa 400 a minti ɗaya, na tsawon awa 4, sau 3 a mako. Jijiyar hannu ta yau da kullum ba za ta iya ba da wannan ba, lotsewa take yi. Shi ya sa ake haɗa ta da jijiyar da ke kawo jini daga zuciya, don ta yi ƙwari ta buɗe. Wane suna ya dace?

Malamin Hausa: Wa'alaikumus salam, Likita. Tun farko a cire "yoyo" daga lissafi, tunda ba abin da ke zuba. Ina da biyu: "haɗin jijiya" ko "gadar jini". Amma a fayyace min, ɗinke su ake yi ko wani abu ake sa wa a tsakani?

Likitan tiyata: Ɗinke su ake yi kai tsaye, Malam. Ana kashe zafin wurin da allura, a tsaga fata kaɗan a wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa, a yanko jijiyar da ke mayar da jini, a ɗinka bakinta a gefen mai bugawa. Likitoci Brescia da Cimino ne suka fito da dabarar haɗa jijiyoyin biyu a wuyan hannu a Amurka a 1966. Hannun da mutum ba ya yawan aiki da shi ake zaɓa, in kuma jijiyoyin wuyan hannu sun yi siriri sai a hau gwiwar hannu. Don haka "gadar jini" ba ta dace a nan ba. A ajiye ta wa ɗaya aikin, wanda ake dasa bututun roba tsakanin jijiyoyin biyu idan na mutum sun lalace. Wannan kam gada ce sosai.

Malamin Hausa: To, "haɗin jijiya" ke nan. Damuwata ɗaya: a Hausa jijiya ta haɗa ta jini, ta laka, har da ta agara. Wani zai ɗauka aikin ƙashi ake nufi.

Ma'aikaciyar jinya: Malam, a ɗakin wanki ba wanda zai rikice. Matsalar da na hango wata ce. "Haɗin jijiya" sunan aikin ne, na rana ɗaya. Abin da mara lafiya zai yi shekaru yana kula da shi fa? Bayan tiyata sai an jira mako 6 zuwa 8, wani lokaci har wata 3, kafin a soka allura. Ana so faɗin jijiyar ya kai milimita 6, kada zurfinta a ƙarƙashin fata ya wuce milimita 6, jini kuma ya riƙa wucewa mililita 600 a minti. In aka yi gaggawa sai ta fashe, jini ya taru a ƙarƙashin fata, hannu ya kumbura. Muna cewa "ta nuna" ko "ba ta nuna ba tukuna", kuma kowa yana ganewa. Ita nake so a sa wa suna, don mu iya cewa: kada a auna hawan jini a wannan hannun, kada a ɗebi jini ko a sa ƙarin ruwa a ciki, kada a kwanta a kansa, a cire agogo da warwaro masu matsewa. Kullum da safe a ɗora yatsu uku a kai, a ji tana kaɗawa kamar wayar da ke ɓari. Ranar da kaɗawar ta tsaya, jini ya daskare a ciki, a zo asibiti a ranar, kada a bari sai ranar wanki. Ni "jijiyar wanki" nake ba da shawara.

Likitan tiyata: Sista ta kawo magana. Ga ƙari: in yatsu suka yi sanyi, suna zogi ko suna canza launi, haɗin ne ke kwashe jinin da ya kamata ya isa tafin hannu, an fi ganin haka ga masu ciwon suga da tsofaffi. Soka allura wuri ɗaya kullum kuma yana sa bangon jijiyar ya yi laushi ta yi ƙullutu, don haka ake matsawa gaba kaɗan a kowane zama.

Likitan ƙoda: Na gode, jama'a. Mun tsaya a kan "haɗin jijiya" ga tiyatar, "jijiyar wanki" ga abin da aka samu bayanta, "gadar roba" ga mai bututu, tunda ta fi "gadar jini" nuna abin da aka dasa. Ina roƙon abokan aiki su fara ambaton haɗin jijiya tun ciwo yana mataki na 4, lokacin da ma'aunin tacewar ƙoda a gwaji ya sauka ƙasa da 30. Wanda aka bari sai ya galabaita, bututun wuya ko na matsematsi za a sa masa na wucin gadi, shi kuwa ƙwayoyin cuta suna saurin bi ta cikinsa su shiga jini.

Malamin Hausa: Na amince. A jam'i a ce "jijiyoyin wanki".