Na Hajiya Ne: Musayar Baitoci Kan Littattafan Zamani

Kawu Na-Zaure:
Salamu alaikum. Jiya ƙarfe ɗayan dare na tarar da 'yar ƙanwata tana sharɓar kuka, na zaci rasuwa aka yi, ashe labari take karantawa a waya. Na karɓe wayar, na duba shafi uku kacal. Ga abin da na gani. Mai ja ya zo da baiti, ba na karɓar zube.

Bismillahi da shi zan fara,
Ku saurara, manya da yara,
Yau gabanku na kawo ƙara,
Kan littattafan soyayya.

Saurayin kullum ɗan gata,
Ga kamfani, ga jirgi, ga mota,
Ba ya dariya, ba ya son mata,
Miskili ne, wai, a duniya.

Yarinyar ko 'yar talla ce,
Ko 'yar aiki, marainiya ce,
Can a shafi na ɗari sai a ce,
Ashe ɓatacciyar gimbiya.

Shi ya ɓad da kama, ya zama direba,
Ita ta ce ba ta san shi ba,
An ɗaura aure ba da so ba,
Wata shida, bisa yarjejeniya.

Ba wanda ke tunanin cefane,
Ko kuɗin haya, balle na zane,
Ciwon kai ma sai Jamus ne,
Haba jama'a, ina kunya?

A 1933 aka sa gasa,
Daga Zariya kira ya isa,
Malamai suka zuba Hausa,
Har yau muna sha, ba gajiya.

Na yau, Ingausa ce ta cika shi,
Shafi biyar ana yabon gashi,
Uku a kan turare da leshi,
Gizo ma ya fi su gaskiya.

Gwaggon Yara:
Wa alaikumus salam, Kawun yara. Sannu da aiki. Tambaya ɗaya ce ta tsaya min a wuya, da ita zan buɗe.

Kawu, ka ce uku ka duba,
Ya aka yi ka san shafi na ɗari?

Gasar Zariya maza ne suka cinye,
Ba muryar mace ko ɗaya a jeri.

Sai wajejen 1980 mata suka kutso,
Da auren dole da kishi cikin labari.

Bari in ba ka nawa tarihin,
Tun kafin waya ta shigo gari.

Ina 'yar aji biyu a sakandare,
Kuɗin tara nake ƙullewa a sirri.

In kai wa mai haya a bakin kasuwa,
Ya ba ni na ɗaya, ya ce in yi sauri.

Bangon ya yage, an ɗinke da zare,
Manja ya ɓata shi wuri-wuri.

In sa shi tsakiyar littafin lissafi,
Inna ta ce, "'Yata akwai ƙoƙari."

Da dare fitilar ƙwai, in rage lagwani,
In yi ta yi har kiran sallah na fari.

Aka sa masa suna adabin kasuwar Kano,
Suna ne na raini, suna na gori.

Tambayi matan da aka cire daga aji,
Da me karatunsu ya yi ƙwari?

A 2007 a Kano aka tara littattafan,
Gwamnati ta cinna musu wuta a sarari.

Toka ta kwanta, iska ta kwashe,
Labarin ya koma waya, ya yi ƙari.

Leshi da mota kwalliya ce kawai,
Miyar na ciki, Kawu, da gishiri.

Uwargida Ran Gida:
Gwaggo, Allah ya ja da kwana. Kawu, ni ba ruwana da jirgi ko Jamus, ban ma cika lura da su ba in ina karatu. Kan ɓad da kamar da ka yi wa dariya zan tsaya. Ku yi haƙuri in na ja.

Ka ce ɓad da kama ƙarya ce,
Ni ko na ce sana'armu ce,
Shekara tara rigata ce,
Kowa ya tambaya, amsar ɗaya ce,
Sai in ce, "Lafiya lau."

Ran da aka shigo da lefenta,
Ni na shimfiɗa wa 'yan uwanta,
Na ɗaga atamfa ina yaba ta,
Har guɗa na yi a kan sarƙarta,
An ce, "Ya gida?" "Lafiya lau."

Aka ba ni kayan faɗar kishiya,
Turmi uku da 'yar sarƙar wuya,
Na sa hannu biyu na yi godiya,
Na kulle ɗaki, na juya baya,
Hawaye na zuba, lafiya lau.

Ran girkinta in ji dariyarsu,
Yarana su tambayi babansu,
In ce yana nan, yana gaishe su,
In ja bargo in lulluɓe su,
Mu kwana, wai, lafiya lau.

Na je gida in kai kukana,
Inna ta ce in rufe bakina,
"Haƙuri ne aure," in ji Babana,
Kafin la'asar an mai da ni ɗakina,
An ce wa dangi, "Lafiya lau."

Sai ga wani littafi a wayata,
Wata mata ce mai irin rayuwata,
Har tsayuwar dare a bakin tagarta,
Har gishirin da ta manta a miyarta,
Ita dai ba ta cewa lafiya lau.

Ta faɗi abin da na haɗiye,
Ta amsa wa uwar miji a tsaye,
Na karanta ina share hawaye,
Karon farko na ji ni a raye,
Na daina ce wa kaina lafiya lau.

Kawu, mijin littafi mai jirgi ne,
Nawa ko mai shagon taya ne,
Amma kishin iri ɗaya ne,
Gorin haihuwa ma ɗaya ne,
Tambayi matarka, ka ji "Lafiya lau."

Auta 'Yar Waya:
Anti, wallahi kin sa ni hawaye a cikin adaidaita sahu, har mai tuƙi yana leƙo ni ta madubi. Allah ya kawo miki sauƙi. Amma fa kada a tafi a bar Kawu shi kaɗai, yana da 'yar gaskiyarsa.

Anti, na ji, kuma na tausaya,
Amma ni ma ina da tambaya,
Mu da muke karatu a waya,
Muna ganin abin damuwa.

Ya mare ta, ya ci mutuncinta,
Ya hana ta zuwa ganin uwarta,
Babi na ƙarshe ya sai mata mota,
An yafe, sai batun haihuwa.

Ƙawata ta karanta ta haddace shi,
Ta ce miskili, ita tana son shi,
Ta samu nata, tana zaune da shi,
Marin ya iso, motar na zuwa.

Kishiya kullum tana gun boka,
Dangin miji mugaye duka,
Amarya ce kaɗai mai albarka,
Ko uwargida, in ita ke rubutawa.

Wasu kuma batsa ce jarinsu,
Ba labari cikin shafukansu,
Ƙannenmu da waya a hannunsu,
Ba mai tacewa, ba mai hanawa.

Sai an kai inda numfashi ya tsaya,
A ce, "Nan kyauta ta ƙare, ku biya,"
In tura kuɗin, in kasa kunne a waya,
Ta ce sai sati mai zuwa.

Alƙalamin Dare:
Tun ɗazu ina laɓe ina ji ana yanka mu. Ni marubuciya ce, ba zan faɗi sunan da nake rubutu da shi ba. Auta ƙanwata, wani na karɓa, wani kuma sai kin saurare ni.

Auta, batun mari na karɓa,
Laifinmu ne, har da ni kaina.

Amma na taɓa rubuta malamin firamare,
Mai keke, mai gaskiya, mai ƙauna.

Mutum bakwai suka bi shi har ƙarshe,
Uku a cikinsu ƙannena.

Na mai da shi ɗan minista mai gadara,
Sai ga saƙonni sun hana ni kwana.

Ku ke zagin mai jirgi da baki,
Ku ke nemansa dare da rana.

Da babban yatsa nake rubutun,
Bayan na kwantar da yarana.

In gama babi, ido ya yi ja,
Wani ya kwafe ya raba ba da sanina.

Kuɗin da kike ƙorafi, ƙanwata,
Ko data ba ya mayarwa, balle gumina.

Tun 2016 BBC Hausa ta buɗe wa mata gasa,
Hikayata, ku saurara ku auna.

Ga wanda ban taɓa faɗa muku ba:
Labaran nan da yawansu amana.

Mace za ta turo murya ƙarfe biyun dare,
"Anti, rubuta, amma ki sauya suna."

In mai da mijinta mai kamfani,
In ɗauke gidan daga Gusau in kai Kaduna.

In sa mata dogon gashi da hanci,
Don kar danginta su gane magana.

Ɓad da kamar da Kawu ke wa dariya,
Mayafi ne na rufa wa mai ƙuna.

Baban Haya:
Ni ba mawaƙi ba ne, ɗan kasuwa ne, in baitin ya yi ɗingishi ku yafe. Amma tunda an ambaci mai haya, ga mai haya ya zo. Akwai abin da na daɗe ina riƙewa a ciki.

Shekaru na yi ina ba da haya,
Daga Sabon Gari nake ɗauko kaya,
Kafin kasuwar ta koma waya,
Na san masu karatu sarai.

Mata su zo da rana tsaka,
Su zaɓa, su biya, ba wata shakka,
Maza ko sai duhu ya sauka,
Su ce, "Na uwargida ne kawai."

Wani mai gemu, mai babbar riga,
Ya leƙa hagu da dama ya shiga,
Ya cusa a aljihu kar wani ya hanga,
Ya dawo da shi bayan kwana bakwai.

Ya ce, "Ita ce ta ce in tambaya,
Shin Alhajin ya saki amarya?"
Na ce, "Malam, ai Hajiya ta yi tafiya,
Wata biyu ke nan." Ya sunkuyar da kai.

Ban faɗi suna ba, ban nuna ba,
Ban ce Kawu ne ko ba shi ba,
Amma tafiyar ba ta sauya ba,
Ko hular ma tana nan dai.

Gwaggon Yara:
Ayyururui! A kawo min ruwa, dariya ta shaƙe ni.

Baban Haya, Allah ya biya ka,
Mai ƙara ya zo, an tona masa asiri.

Kawu Na-Zaure:
Na ga abin da kuka yi, taron dangi kuka yi mini. Ba komai. Na yi shiru tun la'asar ne don na je na yi wani aiki da aka ba ni.

Baban Haya, Allah ya shirye ka,
Amanar ciniki ce na ba ka,
Shekara ashirin tana hannunka,
Yau ka zubar da ita a kan hanya.

Ingausa dai ban janye ba,
Marin nan ma ban yafe ba,
Ciwon kai bai kai Jamus ba,
A nan kam ba na ja da baya.

'Yata Uwargida, na bi maganarki,
Na sami Hajiya tana girki,
Na ce, "Ya gida? Ya jikinki?"
Ta ce, "Lafiya lau," tana juya miya.

Shekara talatin nake jin ta,
Ban taɓa sa kunne ba a kanta,
Yau na daɗe tsaye a bayanta,
Har ta ce, "Malam, lafiya?"

Wayar yarinya na mayar mata,
'Yar aikin nan dai an kore ta,
Da tsohon ciki, ba ko jakarta,
Wa ke da na biyu? Ni zan biya.

Auta 'Yar Waya:
Ina da shi har na uku, Kawu, zan turo maka bayan isha'i. Naka ne, ko na Hajiya?

Kawu Na-Zaure:
Na Hajiya ne.