Musayar Waƙa a Kan Takardar da Janar Eisenhower Bai Aika Ba

Mai Tawada: Assalamu alaikum. Na buɗe wannan musaya da takardar da Janar Dwight Eisenhower na Amurka ya rubuta ranar 5 ga Yuni 1944, ana gobe sojojin ƙawance za su sauka a gaɓar Normandi ta Faransa.

Daren da jiragen ruwa suka tashi,
Janar ya zauna da fensirinsa.
Ya ce idan har saukar ta gaza,
A ɗora laifin duka a wuyansa.
Sojan ƙasa da na sama da na ruwa,
Kowa ya yi iyakar ƙoƙarinsa.
Ya naɗe takarda bai nuna ta ba,
Ya adana ta a jakar kuɗinsa.

Sarkin Ɗango: Malam Mai Tawada, yabonka ya wuce gona da iri.

Ka yabi takardar da ba a aika ba,
Me ta rage wa janar na mulkinsa?
Yaron da ya faɗi a rairayin Omaha ta Normandi,
Shi ne ya biya bashin da ransa.
Ka je Kasarin ta Tunisiya ka tambayi tarihi,
Inda Rommel na Jamus ya watsa rundunarsa.
Gwaninka bai taɓa shiga filin daga ba,
A yaƙin farko horo ne aikinsa.

Mai Tawada:

Ka san Kasarin ka mance da Tunis,
Mai rabin karatu ke nan da halinsa.
Wata uku kacal bayan shan kashi,
Maƙiyi ya miƙa makamansa.
Da Patton, janar ɗinsa, ya mari soja majinyaci,
Wa ya rubuta ya ja kunnensa?

Almajirin Aruli: Allah ya ƙara basira, Malam Mai Tawada, wannan amsa ta zauna daram. Amma Sarkin Ɗango, ɗangonka na bakwai ya karye, domin gaɓa 13 ce da shi alhali wanda ya biyo shi 11 ce, kuma duk wanda ya rera baitin zai ji inda harshe ya yi tuntuɓe.

Sarkin Ɗango: Ɗalibi, da nauyin gaɓa ake auna kari, ba da ƙidayarta kaɗai ba. Malaminka ne ya zaɓi amsa-amon "sa", wanda kowane yaro zai iya jerawa, kuma ban ji ka tanka masa ba.

Almajirin Aruli: Sauƙin amsa-amo ba aibi ba ne, ranka ya daɗe, karyewar kari ita ce aibi.

Inna Mai Carbi: 'Ya'yana, kun bar janar kun koma awon gaɓa. Akwai abin da dukanku kuka tsallake: a ƙasan takardar nan 5 ga Yuli ya rubuta maimakon 5 ga Yuni, kuma ranar saukar ce ɗansa John ya gama makarantar soja ta West Point.

Wanda ya ɓata watan da yake ciki,
Ku san akwai nauyi a ƙirjinsa.
Ya rubuta wa matarsa Mamie yana jimami,
Na samarin da ba za su dawo ba.
Uba ne mai aika 'ya'yan mutane,
Yana tuna ranar yaye ɗansa.

Almajirin Aruli: Inna, baitinki na biyu ya saki amsa-amo, amma ba zan ja da ke ba.

Sarkin Ɗango: Ku gafarce ni da jinkiri. Inna, na ji, na kuma rusuna. Wasiƙa ɗaya na yarda da ita, wadda ya aika wa Janar Marshall, babban hafsan sojojin ƙasa na Amurka, a Afrilu 1945, bayan ya shiga sansanin Ohrdruf na 'yan Nazi a Jamus.

Ya ga gawarwaki jibge a rumfa,
Ya ƙi kau da kai, ya buɗe idonsa.
Ya ce wata rana za a yi musu,
Gara ya zama shaida da kansa.
Wannan an aika, an kuma karanta,
Mai Tawada, taka tana aljihunsa.

Mai Tawada: A jakar kuɗinsa na ce, Sarki, ba a aljihunsa ba. Ka gyara tukuna, amsarka tana nan tafe bayan La'asar.